Tafiyata ta farko daga Kano zuwa Guangzhou: ina neman shawarar waɗanda suka saba

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina sana'ar yadi da shadda a Kantin Kwari, kuma tun da na fara, ta hannun wakili nake sayo kaya daga ƙasar Sin. Bana abokan cinikina na can sun aiko mini da takardar gayyata, biza ta fito, na kuma yanki tikitin jirgin Habasha, wanda zai ɗauke ni daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, inda zan yada zango kafin in hau wani zuwa Guangzhou. Iyakata a jirgi Legas da Abuja. Abin da ya fi damuna shi ne canjin jirgi a ƙasar da ban san kowa ba, sai batun salla a cikin doguwar tafiya irin wannan, ga shi kuma ina da ciwon sukari, ina yin allurar insulin. Tun da labarin tafiyar ya bazu a layinmu, mutane suke ta kawo mini saƙon da zan kai wa 'yan'uwansu, kuma ina jin nauyin mayar musu. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon Falke ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya kai ka lafiya, ɗana. Zan fara da abin da ka ambata a ƙarshe, domin ya fi sauran hatsari nesa ba kusa ba. Kada ka karɓi ƙunshin kowa, ko na maƙwabcinka na shago ne, sai an kwance shi a gabanka, ka ga abin da ke ciki, ka kuma zuba shi cikin akwatinka da hannunka. Duk abin da aka samu a akwatin da ke ɗauke da sunanka, a wurin hukuma naka ne. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a Kano ba za su saurari cewa aike ne ba, balle hukumomin Sin, inda laifin safarar miyagun ƙwayoyi yake iya kaiwa ga hukuncin kisa. Wanda ya ji haushi don ka ce a buɗe, shi ne ma wanda ya kamata ka fi kiyaya. Jin nauyin ƙin karɓa na kwana ɗaya ne. Haka kuma a filin jirgi, idan wani ya ce kayansa sun haura nauyi, ya roƙe ka ka taimaka a auna masa jaka ɗaya da sunanka, kada ka yarda, ka ba shi haƙuri ka wuce. Bayan an auna kayanka, ka ƙirga takardun shaidar akwatin da aka liƙa maka, su zo daidai da yawan akwatunanka.

Zangon Addis Ababa kuwa bai kai yadda kake tsoro ba. Idan tikitinka ɗaya ne tun daga Kano har Guangzhou, ka dubi takardar da aka ɗaura wa akwatinka, ka tabbata an rubuta CAN, wato alamar filin jirgin Baiyun na Guangzhou. In dai haka ne, ba ruwanka da akwati sai ka sauka can. A filin jirgin Bole na Addis Ababa ka bi alamar masu canjin jirgi, a sake bincika jakar hannunka, sannan ka nemi lambar jirginka a allo, domin ƙofar shiga takan canza. Ka tuna agogon Habasha yana gaba da namu da awa 2, na Sin kuma da awa 7, kuma duk lokacin da ka gani a tikiti lokacin garin da abin ya shafa ne. Mutane da yawa a nan suke makara, suna zaune suna kallon agogon Kano.

Kuɗin da za ka ɗauka, idan ya haura dala 10,000 ka bayyana wa kwastan a Kano, a Sin kuma abin da ya haura dala 5,000 ake bayyanawa wurin shiga.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Alhaji Tsohon Falke ya gama magana a kan saƙo, ni zan tsaya a kan lafiyarka, Malam. Ka je ka ga likitanka tun da sauran lokaci, ka nuna masa tikitin, domin tafiya gabas tana gajarta maka yini, kuma shi ne zai tsara maka yadda za ka daidaita lokutan allura da abinci. Ka roƙe shi takarda da Turanci mai bayyana ciwon da sunayen magungunanka, saboda masu bincike. Insulin da allurai da na'urar gwajin sukari duka a jakar hannu za su zauna, domin sanyin ɗakin kaya na iya lalata maganin, akwati kuma yakan yi jinkirin isowa. Ka riƙe dabino ko alewa kusa da kai ko da sukari zai faɗi kafin a kawo abinci.

Daga Addis Ababa zuwa Guangzhou za ka zauna fiye da awa 10, kuma dogon zama irin wannan yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ka nemi kujerar bakin hanya, ka riƙa tashi kana ɗan takawa, kana motsa idon sawu ko a zaune. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, saboda haka ka yawaita shan ruwa. Na san wasu suna ƙin sha don gudun shiga banɗaki, kuma wannan kuskure ne, musamman ga mai irin lalurarka. Kada ka manta katin rigakafin cutar shawara. Idan ba ka taɓa yin allurar ba, ka yi ta da wuri, domin sai bayan kwana 10 shaidar take fara aiki, amma tun 2016 ana ɗaukar allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Almajirin Ilimi ya amsa:

Game da salla, ɗan'uwa, kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru, kuma yana da kyau ka zauna da malaminka kafin tafiya ya yi maka bayanin haɗa salloli da yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara. Abin da zan jaddada shi ne, lokacin salla yana bin ranar inda jirgi yake, ba agogon hannunka ba. Da yake gabas kuka nufa, daren zai yi gajarta, alfijir zai keto da wuri fiye da zatonka, don haka ka riƙa leƙa taga, ka kuma duba taswirar da ke allon gabanka don gane alƙibla. Ka yi alwala a Addis Ababa kafin ka shiga, idan kuma ta kama a jirgi, ka taƙaita ruwa don kada ka jiƙa wa jama'a wuri. Ka kuma sa wanda ya yanka maka tikiti ya nema maka abincin Musulmi tun kwana biyu kafin tashi.

Mazaunin Xiaobei ya amsa:

Barka da shiri, Yallaɓai. Ni a Guangzhou nake zaune, kuma zan ƙara abu guda a kan maganar Alhaji: ko an buɗe saƙo a gabanka ka ga kilishi ne ko dambun nama, kada ka ɗauko, domin an haramta shigo da nama ƙasar Sin, kuma yawancin saƙon da ake aiko mana daga gida shi ne. Abincin halal ba zai yi maka wuya ba a unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi taruwa, ga kuma tsohon masallacin Huaisheng a cikin gari.

Inda baƙi suka fi shan wahala shi ne waya. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a kan intanet ɗin nan, saboda haka ka sauke WeChat, manhajar saƙo ta Sin, tun kana Kano, ka haɗu da wanda zai tarbe ka a kai, ka kuma saka wa iyalinka shi. Ka sa a turo maka sunan masaukinka da adireshinsa da rubutun Sinanci, ka buga a takarda, domin direban tasi ba lallai ya iya karanta boko ba. Fawa banki a jakar hannu ake sa shi. Idan a otal za ka sauka, su za su yi maka rajista da 'yan sanda. Idan kuwa gidan wani ne, wajibi ne ku je ofishin 'yan sanda na unguwar cikin awa 24 da isowarka, kai da fasfonka da mai masaukin.