Neman shawara: in ba Mama man borage ko in dakata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mamata ta shekara huɗu tana fama da amosanin gaɓɓai. Da safe yatsunta sukan sandare, ko murfin kwalba ba ta iya murɗewa sai an yi awa guda. Likita ya ɗora ta a kan methotrexate, tana kuma shan aspirin. Jiya ƙanwata ta kawo ƙwayoyin man borage, miligiram 1000 kowace ɗaya, wai yana ɗauke da kitsen da jiki ba ya iya samarwa. Ina so ta samu sauƙi, amma gabana na faɗuwa. Wa ya san shi?

Wata 'yar'uwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ni saboda ƙaiƙayin fata na sha shi, wata uku cur, ban ga canji ba sai gyatsa da kumburin ciki. Daga baya na ga nazarin 2013 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, shi ma bai gano amfaninsa ga kircin fata ba. Gaɓɓai kuma sai masana.

Mai ilimin harhaɗa magunguna: 'Yar'uwa, kin kyauta da kika tsaya tambaya. Daga irin wata shuka mai shuɗin fure ake tatsar man, kuma abin da ake nema a cikinsa shi ne GLA, wani nau'in kitse daga rukunin da ake kira omega-6. Ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari na man, ninki biyu ke nan na abin da ke cikin man wata shukar da ake kira evening primrose. Sai dai maganar ƙanwarki na buƙatar gyara: jiki yana iya haɗa GLA da kansa daga wani kitsen da ake kira linoleic, wanda shi ne dole a samu daga abinci.

Game da gaɓɓai, akwai ɗan haske. A wani gwaji na 1993 a Amurka, an ba marasa lafiya giram 1.4 na GLA kullum har mako 24, ciwo da kumburi suka ragu. Amma ki lissafa: ƙwayarki ɗaya ba ta fi miligiram 240 na GLA ba, sai an sha wajen shida a rana. Kuma gwajin ƙarami ne.

Abin da ya fi damuna hanta ce. Shukar tana da sinadaran da ake kira PA masu lahanta hanta, methotrexate kuma dama hantar yake wahalarwa, shi ya sa ake yi wa Mama gwajin jini akai-akai. Ga aspirin, wanda haɗa shi da man kan iya ƙara saurin zubar jini. Don Allah kada ki ba ta ko ƙwaya ɗaya sai kin kai wa likitanta kwalbar ya gani, kuma kada ta ajiye maganinta saboda wannan.

Wata uwa: Ki juya kwalbar, 'yata, ki duba ko an rubuta PA-free, wato babu PA a ciki. In babu, ki mayar. Masu juna biyu da masu shayarwa da masu farfaɗiya ma su nisance shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, babu wannan rubutun a jiki. Ranar Talata za mu je gwajin jini, na riga na saka kwalbar a jaka tare da katin asibitinta.