Na sayi X-Touch don Cubase, fitilu na kamawa amma fedoji sun ƙi motsi

Mai tambaya, daga Bukoki:
Assalamu alaikum, manyanmu masu sutudiyo. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar sauti a nan Yamai, tallar rediyo da waƙoƙin biki nake yi, da manhajar Cubase a kan Windows. Na sayi Behringer X-Touch na hannu, na'urar sarrafa manhajar sauti, babban mai feda 9 (maɓallan da ake turawa sama da ƙasa don ƙara sauti ko rage shi), don in huta da jan ƙara da linzami. Na haɗa shi da kwamfuta ta USB, fitilu sun kama, amma fedojin suna kwance kamar ba su san da Cubase ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in na danna Play ko Mute sai fiyanon da ke cikin Cubase ta yi kuka, in na tura feda ta farko sai muryar fiyanon ta lanƙwashe. Kuma na duba bayansa ban ga ramin makirfo ba. An sayar mini da lalatacce ne, in mayar?

Wani mai haɗa kiɗa a Talladje:
Wa alaikumus salam. Canza wayar USB tukuna, ka sa ta kai tsaye a jikin kwamfuta. Rabin matsalolinmu waya ce.

Tsohon ma'aikacin rediyo, daga Yantala:
Waya lafiyarta lau, ɗana. Da ta lalace fiyano ba za ta yi kuka ba. Kukan nan shi ne shaidar cewa saƙo yana isa, wurin da yake sauka ne ba daidai ba.

Fara cire maganar makirfo daga ranka. Wannan ba mikisa ba ce, ko da ta yi kama da ita. Sauti ba ya ratsa ta ko kaɗan. Makirfo yana nan a katin sautinka kamar da, ita kuwa umarni kawai take aikawa ta MIDI, wato yaren da kayan kiɗa ke magana da kwamfuta da shi. A tsarin da ake kira Mackie Control, kowane maɓalli yana fita ne a matsayin notar kiɗa, kowace feda kuma tana fita a matsayin saƙon lanƙwasa murya, irin na ƴar ƙafar nan da ke gefen hagu na fiyano. In Cubase bai san na'urar sarrafawa ce ba, sai ya ɗauke ta fiyano ta biyu ya miƙa saƙon ga layin kiɗan da ke buɗe. Abin da kake ji ke nan.

Gyaran daga na'urar ake farawa. Kashe ta, ka danne maɓallin Select na layi na 1, ka kunna kana danne da shi. Allunan saman fedoji za su nuna zaɓi. Murɗa maɓallin juyi na farko ya tsaya a MC, wato Mackie Control, na biyu ya tsaya a USB, ka sake danna Select ɗin. Tun da ta hannu ce, ka tabbata dai a MC take, ba a HUI ba. Shi HUI tsohon tsari ne da Mackie da Digidesign suka fitar a 1997, kuma da shi manhajar Pro Tools ke magana da irin waɗannan na'urori. Kai da Cubase, MC ne naka.

Sannan a Cubase ka buɗe Studio, ka shiga Studio Setup, ka ƙara na'ura, ka zaɓi Mackie Control. Akwai gurbin shiga da gurbin fita, duka biyun ka sa X-Touch. Mutane da yawa suna cika na shiga su bar na fita, daga nan sai feda ta riƙa motsa ta cikin allo, amma ta allo ba ta motsa ta hannu, sunayen layuka ma ba sa fitowa. In ka ga suna biyu a jerin, ɗauki na farko, na biyun na ramukan MIDI ne da ke bayanta. Kafin ka rufe, shiga MIDI Port Setup ka cire alamar All MIDI Inputs daga kan X-Touch. In ka manta wannan, fedoji za su yi aiki amma fiyano ba za ta daina kuka ba, har notocin banza su shiga cikin abin da kake ɗauka.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma, Baba. A MC take tun farko, Cubase ne ban saita ba. Yanzu sunaye sun fito, fedoji sun miƙe da kansu, har sai da na ja hannu. Saura abu biyu: aikina yana da layi 24, takwas kawai nake gani. Kuma in na buɗe FL Studio, wata manhajar haɗa kiɗa, ba ya ganinta sam.

Mai ɗaukar wa'azi da karatu, daga Tawa:
Na takwas ɗin ba matsala ba ce, haka aka ƙera ta. Maɓallan Fader Bank suna tsallakawa takwas-takwas, na Channel ɗaya-ɗaya, feda ta tara ita ce uwar ƙara. Shawarata ka gajarta sunayen layukanka, don allon kowace feda haruffa 7 yake ɗauka a jere. In ka rubuta "Muryar amshi ta biyu" ba abin da za ka iya karantawa. Ni da manhajar Reaper nake aiki, can ana ƙara ta ne a Preferences, wajen Control/OSC/web, a kuma kashe ta a jerin na'urorin MIDI, dalili ɗaya da wanda Baba ya faɗa.

Mai haɗa kiɗa a Talladje:
To na FL Studio dai na sani. Rufe Cubase gaba ɗaya kafin ka buɗe shi, domin a Windows yawanci manhaja ɗaya ce ke riƙe ƙofar MIDI, ta biyu sai ta tarar a kulle. Sannan danna F10, a jerin shiga ka kunna X-Touch ka sa mata nau'in Mackie Control Universal, ka ba ta lambar Port. Wannan lambar ita za ka sa a jerin fita, in suka bambanta fedoji ba za su bi ba. Amma gaskiya, in kiɗa kawai mutum yake haɗawa, ban ga abin da wannan katafaren ya fi ƙaramar Korg nanoKONTROL2 ba. Tana shiga jaka, kuma da wutar USB take aiki.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Ya fi ta da mota, wato ɗan injin da ke motsa feda, kuma ga mai layi 24 ba ƙaramin abu ba ne. Feda marar mota, in ka tsallaka zuwa wasu takwas, tana nan inda ka bar ta, ba ta dace da ta allo ba. Mai mota kuwa da kanta take komawa gurbinta. Ga shi tana jin taɓin yatsa: kunna maɓallin W (na rubuta motsi) a kan layin murya, ka bi mawaƙi da hannu kana ɗagawa kana saukewa, ka bar R (na karanta motsi) a kunne, Cubase zai maimaita duk abin da ka yi. Da tsokar yatsa ake taɓa ta, ba farce ko biro ba.

Mai gyaran kayan sauti a Katako:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangarena, don wurina suke ƙarewa. Ƙura ce ke kashe feda mai mota a garin nan. Lokacin hunturu tana shiga ta tsagar, feda ta fara karkarwa ko ta tsaya a hanya. Ka ɗinka mata mayafi, da ka tashi ka rufe. Kada ka ɗiga mata man keken ɗinki, kada ka danne feda tana cikin tafiya. Sai kuran. Wannan ba ta USB take ci ba, wayar wutarta daban, don haka ka sa ta a kan abin riƙe wuta ɗaya da kwamfutar. In aka ɗauke kuran ta mutu kwamfuta na raye, ko ta dawo sau da yawa Cubase ba ya sake kama ta sai ka adana aiki ka rufe ka buɗe. Ka saba kunna ta kafin manhajar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, yayyena. FL ma ya gan ta da na rufe Cubase. Malam mai gyara, feda ta 6 tana ɗan jinkiri ba kamar sauran ba, in kawo ta ne ko in bari?

Mai gyara:
Kashe ta, ka ja fedar da hannu a hankali daga ƙasa zuwa sama. In ka ji tana gurzar yashi, kawo ta a buɗe a share. In sumul take tafiya, matsar da wancan layin zuwa wata feda da maɓallin Channel ka gani ko jinkirin zai bi shi.