Musayar waƙa: Na je gaida Tsoho, na tarar ya faɗi

Baƙon Boston:
Assalamu alaikum. Asabar ɗin nan muka bar Boston da asuba, muka miƙi hanya ta 93 zuwa arewa har gandun Franconia Notch na jihar New Hampshire. Na je ganin "Tsoho" ne, wato siffar fuskar dattijo da duwatsu suka fitar a jikin tsaunin Cannon. Ga tsarabata. Amsa-amo "ra" ne, wanda ya karya shi ke sayen shayi.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Wanda Ya yi dutse Ya yi ƙanƙara.

Na kutsa kwari tsakanin tsaunuka,
Cannon a hagu, Lafayette a dama suna jira.

Suka ce ba diga ba ce ta haƙa shi,
Kogin ƙanƙara ne ya ja ciki ya sara.

Tafiyar hawainiya yake, ba ya sauri,
Da tsakuwar gindinsa yake kankara.

Wajen shekaru 12,000 da narkewarsa,
Ya bar kwari kamar akushin da aka ƙera.

Na tsaya bakin tafkin Profile na ɗaga kai,
Ina neman Tsohon da kowa ke kira.

Ba goshi, ba hanci, ba haɓa,
Sai gajimaren da iska ke tura.

Yayar Kowa:
Ƙanena, da ka tambaye ni kafin ka ƙona manka. Ina ƙasar nan aka yi abin.

Kai baƙo mai ido ba gani,
Ka je zance gidan da aka ɗaura aure bara.

Ran 3 ga Mayun 2003 aka wayi gari,
Hazo ya yaye, Tsoho ya zube, ba sauran sura.

Fuska mai tsawon ƙafa 40,
Ƙafa 1,200 sama da ruwa take hira.

Mutanen jihar har hawaye suka yi,
Suna ajiye furanni, manya da yara.

Ka duba lambar motocinsu ka gan shi,
Da kwabonsu na shekarar 2000 da aka tsara.

Malamin Duwatsu:
Yaya, kin faɗi rana, bari in faɗi dalili. Ku yi haƙuri da baitina, aikina awo ne.

Mai ginin shi ne mai rushewa,
Ruwan da ya sassaƙa shi ne ya wara.

Falale biyar ne suka hau juna,
Daga gefe ɗaya kawai suke ba da sura.

Ka gusa kaɗan, fuska ta ɓace,
Sai tarin duwatsun da ba wanda ya jera.

Ruwa ya shiga tsaga da rana,
Dare ya yi ya daskare, ya kumbura ya tura.

Kashi 9 cikin 100 yake ƙaruwa,
Kaɗan ne, amma kullum sai ya ƙara.

Tun 1916 ake ɗaure goshin da ƙarafa,
Ana toshe tsaga, ana ta gyara.

Sun tallafi goshi, haɓa ce ta gaji,
Da ta saki, na sama ba su tsira.

Baƙon Boston:
Yaya, na karɓi zolaya, amma man bai ƙone a banza ba.

Na shiga Flume, lungun dutse mai sanyi,
Tsawon ƙafa 800, ruwa na ambaliya da ƙara.

Bango ya kai ƙafa 90 a wani wurin,
Gansakuka ta lulluɓe shi kore shar, ba ƙura.

Kan gadar katako muke bi a jere,
Raɓa na dukan fuska, ba mai yin hira.

Wata tsohuwa mai shekara 93 ta gano shi,
A 1808, ta fito kamun kifi ba ta jira.

Ni kuwa da shekaruna 34,
Matakala ta sa ina haki kamar kura.

Sai Basin, turmin da kogi ya daka,
Yashi da tsakuwa ne taɓarya, suna juyi suna sara.

Washegari na ce sai ƙolin Lafayette,
Sama da ƙafa 5,200, na hau da takalmin zuwa biki,
Na dawo gwiwa tana rawa, yatsu sun yi jini.

Yayar Kowa:
Ya karya! "Jini" ba "ra" ba ce, ga ɗango na uku da ba a gayyace shi ba. Shayi a kanka, da madara.

Dutsen da ya karya maka gwiwa,
Ya bi ka gida ya karya baitin da ka fara.

Baffan Zaure:
Ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a waya, amma ɗana, amsa mini wannan.

In Tsoho ya faɗi tun tuni,
Me jama'a ke tsayawa kallo, me suke jira?

Baƙon Boston:
Baffa, Allah Ya ƙara girma. Akwai dabarar da suka yi a bakin tafkin.

Sun kafa sandunan ƙarfe masu ƙusoshi a kai,
A ƙasa an zana sawu, tsayinka ne ke kira.

Ka taka naka, ka rufe ido ɗaya,
Sai ƙarfe ya hau dutse, fuska ta dawo da sura.

Na taka na wani dogo bisa kuskure,
Na ga Tsoho da hanci a wuya, na yi ta gyara.

Yaya, shayin ranar Lahadi ne bayan La'asar. Kowa ya zo da kofinsa.