Hausa ta wadatar, ko sai da harshen uwa?

Fasto Ishaya: Salama gare ku. Kwamitin bishara ya kawo shawarar a tura matasa huɗu Jos su koyi naɗar sauti da fassara, don a riƙa shirya wa'azi da waƙoƙi da Dakarci da Kambarci. Ni dai ban goyi baya ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da su Likita Miller na Wusasa suka sha wahala a kansa. Duk mai zuwa sujada a nan Sakkwato, daga Zuru ya fito ko Yawuri, da Hausa yake ciniki a kasuwa. A gyara rufin makarantar Lahadi da kuɗin.

Mama Rahila: Fasto, a yi mini haƙuri, Hausar ciniki daban take da harshen da mutum yake kuka da shi. Mahaifiyata ta yi shekara shida a wurina a Mabera. Kowace Lahadi tana benci na biyu tana cewa amin, sai mun dawo gida ta ja ni gefe ta ce in faɗa mata me aka ce. Ran nan ɗan ƙanenta ya turo waƙar yabo da Dakarci ta WhatsApp. Ta manna wayar a kunne, tana maimaitawa har caji ya ƙare, hawaye na zuba. Ban taɓa ganin ta haka a coci ba.

Malam Bulus: Rahila 'yata, na ji ki. Amma ni na girma da rediyon ELWA, wanda ya fara aiki daga Monrobiya ta Laberiya a 1954, da kuma shirye-shiryen Muryar Bishara na Jos. Bakambare da Badakkare da Bamaguje, akwati guda muke kewayewa da dare, ana juya gajeren zango. Hausa ce ta haɗa mu muka zama ekklesiya ɗaya. Tsorona kada kowa ya ja nasa gefe, gobe a ce ga cocin ƙabila kaza.

Dauda: Baba, ba wanda ya ce a taɓa sujadar Lahadi. Maganar gida ce da gona. Memori guda yana ɗaukar Linjila huɗu da waƙoƙi, ana tura wa juna ta Bluetooth ko babu intanet. Ɗakin naɗar ma na taɓa gwadawa, katifu na jingina a bango, sauti ya fita tas.

Hannatu: Ko Hausar ma, wacce? Ta littafi ta fi kusa da ta Kano. Ka shiga ƙauyukanmu, "wanga" da "yaz zo" za ka ji. Ga tsofaffi da yawa ba su karanta boko. A Ayyukan Manzanni sura 2 kowa da harshensa ya ji, ba a ce su jira tafinta ba.

Fasto Ishaya: 'Yar'uwa Hannatu, ayar daidai ce. To wa zai duba aikin? Yaron da aka haifa a Sakkwato, Dakarcinsa na gaisuwa ne kawai. Ya fassara "alheri" ko "fansa" a karkace, ni ba na jin harshen balle in gyara, ga shi ya riga ya shiga waya ɗari. Abin da ya fita ta memori ba ya dawowa.

Mama Rahila: Ai dalilin horon ke nan, Fasto. Yanzu ma suna naɗa suna turawa, ba mai duba su. Gara a koya musu, kuma kada a saki komai sai dattawa uku masu harshen sun saurara, har da mace, don mu muka fi riƙe tsofaffin kalmomi.

Malam Bulus: In da wannan sharaɗin, na sassauta. Amma a haɗa kowane shiri da na Hausa.

Fasto Ishaya: Rufin nan dai yana nan yana jiran damina. Mutum biyu zan iya karewa gaban kwamiti, ba huɗu ba.

Dauda: To Fasto, biyun na wane harshe?