Mene ne ainihin ma'anar kalmar "simmer" a girki?

Mai Koyon Girki:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan kalmar Turanci "simmer", wadda nake yawan cin karo da ita a bayanan girki. Na ɗauka ma'anarta ɗaya da "boil", wato tafasa, shi ya sa da na ga an rubuta a bar romon nama ya yi "simmer" na awa biyu, sai na sakar masa wuta. Kafin lokacin ya cika ruwan ya kusa ƙonewa, naman kuma ya bushe. Shin kalmomin biyu sun bambanta ne? Na kuma taɓa jin an ce wa mutum "simmer down", alhali babu tukunya a wurin.

Malamin Turanci:

Wa alaikumus salam, Malama. Sun bambanta ƙwarai, kuma bambancin yana ga ƙarfin wuta. Idan an ce "boil", ana nufin ruwa ya kai zafin digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, yana ɓararraka, manyan kumfa suna tasowa ba ƙaƙƙautawa. Shi kuwa "simmer" yana ƙasa da haka kaɗan, kimanin digiri 85 zuwa 95, inda za ki ga ƙananan kumfa suna tasowa jefi-jefi daga gindin tukunya, saman ruwan yana motsi a hankali. Ba mu da kalma guda da ta yi daidai da ita, sai dai mu ce a rage wuta abinci ya dahu a hankali.

Kalmar tana zuwa a matsayin aikatau, kamar "simmer the soup", tana kuma zuwa a matsayin suna. Umarnin da za ki fi gani shi ne "bring to a boil, then reduce to a simmer", ma'ana a bari ya tafasa tukuna, sannan a rage wuta. Ina zaton rabin farko kika bi, kika bar na biyun.

Uwargida Mai Tukunya:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma 'yar'uwa, kada lissafin digiri ya tsorata ki, domin ido ya wadatar, kuma ni ban taɓa tsoma ma'aunin zafi a tukunyata ba. Dalilin da ya sa ake son wannan dahuwar ga nama shi ne, jijiyoyi da guringuntsin da ke cikinsa suna buƙatar lokaci mai tsawo kafin su narke su ba romo kauri da daɗi, alhali wuta mai ƙarfi tana ƙone ruwan tun aikin bai kammala ba. Tafasa mai ƙarfi kuma tana kaɗa kitse ya gauraye da ruwa, shi ya sa romon ba ya fitowa garau. Haka duk abin da aka sa wa madara, yakan tsinke ko ya yi bori idan wuta ta yi yawa. Ki lura da murfi ma: idan kika rufe tukunya ruf, ƙaramar wuta ma za ta iya mayar da ita tafasa, don haka ki ɗan karkace shi.

Malamin Turanci:

Na gode, Hajiya. Na manta da tambaya ta biyu. Turawa sun ari kalmar daga tukunya suka kai ta ga zuciya, kamar yadda mu ma muke cewa zuciyar wane ta tafasa. Idan an ce fushi ko rikici yana "simmering", ana nufin yana ci a ciki bai fito fili ba tukuna, kuma ana yawan ganin wannan a labaran jaridu. "Simmer down" kuwa yana nufin mutum ya huce, sai dai magana ce ta sabo, wadda ba ta dace a faɗa wa na gaba ba.

A kiyaye kuma da wata kalma mai kama da ita, "shimmer", wadda ke nufin ƙyalli. Ita ma tana zuwa a girki, amma a kan mai ake faɗinta, lokacin da ya yi zafi a kasko ya fara sheƙi kafin a zuba abin soyawa.