Inci zuwa maikiromita, don Allah a taimaka

Ɗan Magazin: Salam 'yan uwa, ina koyon gyaran inji a Suame, unguwar makanikai a Kumasi, littafin wata motar Amurka ya ce tazarar da ke tsakanin fistin da silinda inci 0.002 ce amma mastana da maikiron (wato maikiromita) yake magana, wallahi kaina ya ɗaure, yaya ake juyawa?

Baban Aboabo: Wa alaikassalam ɗana. Inci 1 milimita 25.4 ne, kowace milimita kuma maikiron 1,000, kenan inci ɗaya 25,400. Ninka da 0.002 zaka samu 50.8.

Yayan Asawase: Ƙanina ka kula da sifilin nan fa, ni na taɓa karanta 0.02, ya koma 508, injin ya dinga ƙara yana hayaƙi sai da muka sake kwance shi gaba ɗaya.

Ɗan Magazin: Nagode Baba, Allah ya saka, na rubuta 50.8