Mayar da Kwamfutar Gida Saba: Abin da Kowa Ya Gani da Idonsa

Mai buɗe zance, daga Zariya

Assalamu alaikum. Ina da wata tsohuwar laftof da ta shekara bakwai a hannuna, allonta ya fara layi-layi amma cikinta lafiya ƙalau, shi ne na yi niyyar mayar da ita saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin intanet tana miƙa shi ga masu ziyara, domin ta ɗauki shafin Islamiyyar unguwarmu, inda za mu riƙa sanya jadawalin karatu da sautin darussan bayan asuba. Na ɗora mata tsarin aiki na Ubuntu Server, na girka Apache, manhajar da ke miƙa shafi, kuma da na rubuta adireshinta na cikin gida, 192.168.1.20, a wayata tana kan Wi-Fi ɗin gida, nan take shafin ya buɗe. Sai dai da na koma kan data, wayar ta yi ta juyi har ta gaji. Na shiga rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, na buɗe ƙofa ta 80 da ta 443, waɗanda ta nan masu neman shafi suke shigowa, na karkatar da su zuwa laftof ɗin, na je gidan maƙwabci na sake gwadawa, shiru kake ji. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su ba mu labarin abin da ya same su.

Daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Kwana tara na yi a kan wannan matsala, ina gogewa ina sake girkawa, alhali laifin ba a gidana yake ba. Kafin ka sake taɓa komai, shiga rautarka ka duba adireshin da kamfanin intanet ya ba ta, sannan ka gwama shi da wanda shafukan duba adireshi suke nuna maka. Idan sun bambanta, kuma na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan abin da ake kira CGNAT. Asalin lamarin shi ne adiresoshin intanet na tsarin IPv4 kimanin biliyan 4.3 ne kawai, kuma tun 2011 babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare, don haka kamfanoni, musamman masu layin waya, suke haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna arba'in da zaure ɗaya: ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma makullin zauren yana hannun mai gida, kuma baƙon da ya yi sallama a waje bai san ɗakin da zai nufa ba.

Na kira kamfanin da nake amfani da shi na nemi adireshi na kaina, aka ce sai na koma tsarin 'yan kasuwa, kuɗin kuma ya fi ƙarfina. Abin da ya fisshe ni shi ne Cloudflare Tunnel. Wata 'yar manhaja ce kake girkawa, ita ce take fita daga gidanka ta ƙulla hanya da kamfanin Cloudflare, masu ziyara kuma su biyo ta wannan hanyar su iso gare ka ba tare da ka buɗe ko ƙofa ɗaya ba. Yana bukatar ka mallaki sunan shafi, ni na sayi nawa mai ƙarewa da .com.ng a wajen dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su. Amma ka sani cewa duk abin da ke shiga da fita ta hannun wasu yake bi, kuma wannan yana damuna har yanzu, ko da yake ga jadawalin makaranta ban ga aibu a ciki ba.

Daga Maraɗi

Ni ba adireshi ne ya wahalar da ni ba, wuta ce da zafi. Da babbar kwamfutar tebur na fara, wadda take cin kusan wat 80 ko ba ta aikin komai, wato wajen kilowat-awa 2 a kowace rana, kuma batirin solata ba ya kai ta asuba. Wata rana a watan Afrilu, da la'asar, wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubuta bayanai, da ta dawo sai MySQL, manhajar da ke ajiye bayanan, ta ƙi tashi, na rasa rajistar kayan shago ta mako uku domin ban ajiye kwafi a wani wuri ba. Da na buɗe murfinta na tarar da ƙurar hunturu ta yi wa fankar kirtani kamar auduga a injin gurza.

Malam, kai ka yi dace da laftof, domin wat 10 zuwa 15 ya ishe ta, kuma batirinta yana riƙe ta idan an ɗauke wuta. Amma ka tuna rauta ma wuta take ci, idan ta mutu sabar tana raye ne a banza, saboda haka na haɗa tawa da ƙaramin batir mai bolt 12. Ka kuma riƙa duba batirin laftof ɗin, domin wanda yake kan caji dare da rana a cikin zafinmu yana iya kumbura, idan ka ga wajen taɓawa da yatsa (touchpad) ya ɗago to ka cire shi a ranar. Kwamfutar NeXT da Tim Berners-Lee ya fara kunna shafin yanar gizo a kanta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, a 1990, an manna mata takarda da ke gargaɗin cewa saba ce, kada a kashe ta. Irin wannan takarda na rubuta da Hausa na liƙa a jikin soket, bayan yara sun zare filogi sau biyu domin cajin waya.

Wata Malama, daga Kaduna

Ina da adireshi na kaina saboda layin da aka ja mana ofis ya biyo har gida, don haka ƙofofina sun buɗu tun ranar farko, kuma a nan na ga abin da ya tayar mini da hankali. Washegari na buɗe fayil ɗin auth.log, inda ake rubuta duk yunƙurin shiga sabar, sai ga layi bayan layi na masu ƙoƙarin shiga ta ƙofa ta 22, wadda ake sarrafa saba daga nesa ta cikinta da tsarin SSH, suna gwada sunan root da admin da kalmomin sirri iri-iri, alhali ban gaya wa kowa adireshin ba. Ba mutane ba ne a zaune, manhajoji ne da ke zagaya intanet suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A kundin Nginx, manhajar da ke miƙa shafina, ma suna ta neman wp-login.php, shafin shiga manhajar WordPress, ni kuwa ban taɓa girka WordPress ba.

A ranar na hana shiga da kalmar sirri, na koma amfani da makullin SSH, na kunna katangar tsaro ta ufw na rufe duk ƙofar da ba na bukata, na girka fail2ban domin ta riƙa toshe mai yawan gwaji. Na kwashe hotunan iyali da takardun aiki daga kwamfutar baki ɗaya, kuma ina ganin wannan wajibi ne ga duk wanda zai buɗe injinsa ga duniya. Kuskuren da na yi daga baya shi ne rufe ƙofa ta 80, ina ganin ta 443 ta wadatar. Takardar shaidar amincin shafi da na samu daga Let's Encrypt ta kwana 90 ce, kuma manhajar certbot ta ƙofa ta 80 take sabunta ta a tsarin da na zaɓa, sai kawai wata safiya 'yar'uwata ta kira ni tana cewa wayarta na gargaɗin shafina ba amintacce ba ne.

Daga Zangon Kumasi

Yaya, ka lissafa saurin aikawa kafin ka sanya sauti. Idan layinka na aika megabit 2 a daƙiƙa, darasi mai megabait 30 zai ci minti biyu ga mutum ɗaya, idan mutum ashirin suka nema lokaci guda kuwa sai minti arba'in, kuma duk daga datarka ake cira. Ni na haƙura na kama hayar ƙaramar saba a waje, ta gida kuma na bar ta ga ɗalibanmu a cikin makaranta, na ɗora mata Kiwix suna karanta Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ta Wi-Fi ba tare da data ba.

Mai buɗe zance

Allah ya saka muku da alheri. Ɗan'uwa na Kano, maganarka ta tabbata, adireshin rautata da 100.72 ya fara. Na rufe ƙofofin da na buɗe, na bi shawarar Malama a kan makullin SSH, kuma na gano cewa laftof ɗin barci take yi duk lokacin da aka rufe murfinta, na gyara wannan a fayil ɗin logind.conf. Jadawalin karatu zai bi ta Cloudflare Tunnel da zarar sunan shafin ya fito, sautin darussa kuwa zan rage nauyinsa tukuna, na gwada da mutum biyar ranar Asabar na ga abin da data za ta ce.